Idan Ya Dawo Ya Tarar An Rushe Gidan Fa?

Assalamu alaikum. Don Allah ki taimake ni da shawara, abin ya cika mini ciki, kuma a gida duk wanda na gaya wa sai ya ce rigimar tsufa ce. Ki yi haƙuri da rubutuna, sai da na yi jika na shiga makarantar manya, amma wannan maganar ba na so wani ya rubuta mini.

Tun ina amarya muke haya a gida ɗaya, ciki da falo a ƙarshen wani lungu, jikin shagon tela. Nan na haifi 'ya'yana uku, nan aka fitar da gawar mahaifinsu. Yanzu wanda ya ba mu hayar ya rasu, magada sun sayar, wanda ya saya zai rushe ya yi shaguna. An ce mu tashi kafin damina.

Ɗana na biyu da ƙanwarsa sun haɗa ƙarfi za su sayi gida a wata sabuwar unguwa. Sun kai ni na gani. Gida ne mai kyau wallahi, famfo har kicin, ba kwata a ƙofa, ɗakina da banɗaki a ciki saboda ciwon ƙafata. Unguwar kewaye take da katanga, ƙofa ɗaya, da maigadi mai tambayar kowa wurin wa ya zo. Su abin da ya burge su ke nan. Ni kuwa ƙofar nan ce ta hana ni murna.

Ina da babban ɗa. Yana dab da gama karatu ciwon taɓin hankali ya same shi. An yi magani ya lafa, ya sake tashi, daga baya ya fara tafiya. Sai ya yi watanni ba labari, rannan kawai in ji ana shafa ƙofa, don shi ba ya ƙwanƙwasawa, da tafin hannu yake shafa ta. In ɗora masa ruwan wanka, in yanke masa farce, ya ci ya ƙoshi, ya kwana biyu a tabarma gefen gadona, ya sake ficewa. Duk wayar da aka ba shi yarwa yake. Ya manta abubuwa da yawa, wani lokaci har sunan ƙanwarsa, amma ƙafarsa ba ta taɓa manta lungun nan ba. Rabona da shi tun wanda ya ba mu hayar yana da rai.

To idan ya zo ya tarar da shaguna fa? Ko an kwatanta masa, wane maigadi ne zai bar mutum da tsumma da cukurkuɗaɗɗen gashi ya shiga irin waccan unguwa? Abin da ya fi ƙona mini rai, ranar da muka je na ji ƙaninsa yana gaya wa maƙwabcin da za mu yi wai su biyu na haifa. Har yau ban manta da maganar nan ba.

Na ce su nemi gida nan kusa ko ƙarami ne, suka ce babu na sayarwa, kuma ruwa na cin unguwar. Na ce su kama mini ɗaki in zauna ni kaɗai, 'yar ta fashe da kuka wai so nake a zage su. Mai sayarwa yana jira, su kuma sun ce ba za su biya ba sai na ce to. In na ƙi na zalunci waɗanda suka wahala domina, in na yarda kamar na rufe wa wancan ƙofa da hannuna. Yaya zan yi?

Daga Uwa Mai Sauraron Ƙofa.

AMSA

Wa alaikumus salam, Mama. Wannan ba rigimar tsufa ba ce. Amma zan faɗa miki abin da ba daɗi: gidan nan zai rushe ko kin tashi ko ba ki tashi ba. Ɗakin haya a wani lungu ma ba ƙofar da babban ɗanki ya sani ba ce. Ƙin amincewarki zai raba ki da biyu ne, ba tare da ya kawo miki ɗayan ba.

Ki ce to, amma da sharaɗi. Ki zaunar da ɗanki na biyu ki gaya masa kin ji abin da ya faɗa. Kada ki yi masa baki. Ƙila gajiya ce da tsoron idon mutane, shi ma ya daɗe yana ɗauke da wannan kaya. Sai dai shi da bakinsa zai koma ya gyara maganar a wurin maƙwabci, ya kai wa maigadi hoton yayansa, ya ce ɗan gida ne, duk yadda ya zo a buɗe masa. Unguwar da ba za ta lamunci haka ba, gara ku sani tun ba a biya ba.

Kafin ku kwashe kaya, ki bi tela da tsofaffin maƙwabta ɗaya bayan ɗaya, ki bar musu lambar waya. Duk wanda ya gan shi ya ba shi wurin zama da ruwa, kada a yi masa kwatance, a kira ku ku zo ku ɗauke shi. Ki riƙa leƙa lungun, su kuma 'ya'yan su tuntuɓi likita tun yanzu, don zuwansa na gaba ya zama na komawa kan magani.

Ba zan yi miki alkawarin zai dawo ba, Mama, wannan yana hannun Allah. Amma tabarmar nan, ki sa ta cikin kayan farko da za a ɗauka, ki shimfiɗa ta gefen sabon gadonki. Allah Ya ba shi lafiya, Ya sa ki sake jin tafin hannunsa a ƙofa.