Baba, Mun Sauke Injin Motarka

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Baba.

Bayan gaisuwa ta ɗa ga mahaifinsa, da fatar Allah ya sa kana cikin rahama. Yau wata tara ke nan da ciwo ya ɗauke ka. Na san wasiƙa ba ta zuwa inda kake, amma kwana huɗu ke nan abin da na gani ya hana ni sukuni, kuma kai kaɗai nake son in tambaya.

Motarka ta haya tana hannuna, ina bin hanyar da ka bi shekara ashirin, Sabon Birni zuwa Isa. Injin ya gaji, yana shan baƙin mai yana hayaƙi. Ga kuma rawar nan da take yi tun kana da rai, wadda in an tsaya sitiyari ke kaɗa hannun mutum har kafaɗa. In na yi magana sai ka ce, "Tsufa ne, Nasiru. Kowa ya tsufa sai ya yi rawa."

Na samo inji ɗan Kwatano, na kai ta Isa garejin amininka Mamman bakanike, tunda ba ka taɓa yarda wani ya taɓa ta ba. Da hantsi munka kwance lagireto da wayoyi, munka raba inji da giya, anka ɗaura sarƙa anka ja shi sama. Mamman ya ce tunda an buɗe, a canza kujerun inji gaba ɗaya, robobin nan masu ƙarfe da inji ke zaune a kansu.

Ta hagu ta fita lafiya. Ta dama kuwa, yana sa sifana ta rabe biyu a hannunsa, wani abu ya faɗo ƙasa. Na ɗauka noti ne. Na duƙa na ɗauko.

Harsashi ne, Baba. Ya lanƙwashe, ya yi baƙi.

Mamman ya karɓa ya duba, sai ya zauna a kan taya yana salati. Sannan ya ce, "Ashe ukku na. Ni biyu nis sani."

Na ce biyu na me?

A nan na ji abin da ka ɓoye mana. Shekara biyu kafin rasuwarka, lokacin da ka kwana biyu a Isa ka aiko cewa mota ta lalace, ashe 'yan bindiga ne sunka tare hanya sunka buɗe maka wuta. Mutum tara ka ɗauko, har da mace mai goyo. Ba ka tsaya ba. Harsashi ɗaya ya fasa gefen mota ta gaba, ɗaya ya ratsa ƙofa ya shiga ƙwaurinka. Na ukku shi ne wannan da ya maƙale a kujerar inji, yana sa motar rawa. Da wannan ƙafar ka ci gaba da taka totur har bakin garejin Mamman. Ya ce da ya buɗe maka ƙofa takalminka cike yake da jini, kuma abin da ka fara faɗi shi ne a duba ko kowa lafiya.

Shi ya kai ka anka ɗinke ƙafar. Shi ya liƙe hujojin motar da walda, ya shafa fenti. Ka sa shi ya rantse ba zai faɗa wa kowa a gida ba.

Baba, ni na tarbe ka ranar da ka dawo kana ɗingishi. Ka ce ƙarfe ne ya yanke ka a gareji, na yi dariya na ce ka bar aikin makanikai ga masu shi. Dariya na yi maka!

Na dawo gida da harsashin a aljihu, na kwana biyu ina jujjuya ko in faɗa wa Inna. Jiya da la'asar na same ta tana tankaɗen gero, na ajiye shi a kan tabarma, na faɗa mata komai. Ina jiran kuka. Ta dube shi, ba ta ko ajiye rariyar ba.

Ta ce, "Wa kake tsammani ya wanke wandon? Ƙarfe ba ya huda wando gaba da baya."

Na tambaye ta me ya sa ba ta yi magana ba. Ta ce da ta yi, dole ta roƙe ka ka bar hanyar, kai kuma ba ka iya bari, da mu bakwai a gida. Sai ta bar ka da sirrinka. Kullum ka fita ba ta tashi daga kan sallaya sai ta ji ƙarar motarka.

Shekara biyu kuna cin tuwo a gida ɗaya, kowa yana ɓoye wa ɗan'uwansa abu ɗaya, ni ina tsakaninku ban san komai ba.

Mun ɗora sabon injin a kan sababbin kujeru, an ɗaure komai. Gobe za ni fita da motar. Inna ba ta hana ni ba, amma ta kafa mini sharaɗi: duk abin da ya same ni a hanya, in faɗa mata da bakina. Na yi alkawari.

Allah ya jiƙan ka, Baba, ya haskaka makwancinka. Ya sa mutanen nan tara su zame maka shaida ranar hisabi. Ya kawo mana zaman lafiya a ƙasar Gobir, ya mayar da duk wanda ya fita ga iyalinsa.

Ɗanka,
Nasiru