Jan Katin Birki

Litinin, 3 ga Maris
Asibitin sun amince. Ranar Juma'a za a saka wa majinyata ɗari huɗu manhajarmu ta tuna lokacin shan magani. Shekara biyu muna fama a ɗaki ɗaya da fanka mai kuka. Ko ana ha-maza-ha-mata sai Juma'a.

Talata, 4 ga Maris
Mai gwajinmu, wadda muke kira Birki, ta liƙa jan kati a allo. Ni na kafa dokar da bakina: duk wanda ya liƙa jan kati, aiki ya tsaya har sai shi ya cire. Wai in tsohuwar waya ta mutu aka kunna, tunatarwar kan zo sau biyu. Na ce waya nawa? Ta ce ɗaya cikin talatin. Ɗaya! Raina ya ɓaci.

Laraba, 5 ga Maris
Na yi lallashi, na yi faɗa don Birki ta cire katin. "Oga, kamfaninka ne," in ji ta, "amma ba da hannuna ba." Da suka fita cin abinci na ɓare katin na sa a aljihu. Da suka dawo kowa ya kalli allo, ya koma kan aikinsa. Na fi son su zage ni.
Na biya gida na saka wa Inna manhajar a tsohuwar wayarta, don in rufe bakin Birki.

Alhamis, 6 ga Maris
Ina tsakiyar taro Inna ta kira. Cajinta ya ƙare, da ta kunna wayar ta yi ƙara, ta sha maganin hawan jini, sai wayar ta sake yin ƙara. "Ga ƙwayar a hannuna. In ƙara ne? Tunda aikinka ne ai ba zai yi ƙarya ba."
Na daka mata tsawa ta ajiye. Ban taɓa ɗaga mata murya ba.

Juma'a, 7 ga Maris
Na kira shugaban asibitin na roƙi mako uku. Ya ce akwai wani kamfanin a layi, zai yi tunani. Ya yi ta yi, mu dai za mu gyara.

Litinin, 10 ga Maris
Na riga kowa zuwa. Katin ya yamutse a aljihu, sai da na danne shi da littafi kafin ya liƙu. Ba wai Birki ta yi gaskiya a komai ba, bakinta ya yi yawa. Da ta shigo ta kalli allo, ta kalle ni, ta tambayi jikin Inna. Na ce da sauƙi.
Na tambaye ta yaushe za ta cire. Ta ce sai ta gani.