Harsasan Ranar Lahadi

Salmon, Idaho, farkon Oktoba

Orval,

Gaisuwa mai yawa. Ya zafin Yuma, ya gwiwar taka? Ina fata ka fara dafa abinci kamar mutum, ka bar kifin gwangwani.

Hankalina ba a kwance yake ba. Ka san al'adarmu da yayanka Delmar: duk Lahadi bayan coci mu jera gwangwanaye a kan shingen bayan rumbu, mu yi ta harbi. Tun da ya rasu ban fasa ba. To, ƙananan harsasan da yake zuba mini, marasa nauyin nan da ba sa dukan kafaɗa, sun kusa ƙarewa. Abin da ya rage bai cika tafin hannu ba.

Makon jiya na gwada na kanti. Orval, bindigar nan ta shure ni har na zauna daɓas a ƙasa! Kafaɗar ta yi baƙi, ɗana Wendell kuma ya zo ya tarar ina shan kofi da hagu. Ya ce, "Mama, wasan nan ya isa haka. In na zo bikin godiya na shekara-shekara a Nuwamba, da bindigar zan tafi." Na ce, "Da ita nake korar dila daga kajina tun kana fitsarin kwance." Ko murmushi bai yi ba. Na san ɗana: yau bindiga, gobe makullin mota, jibi ɗakin baya a gidansa na Boise. Tsoro nake ji, kuma kai kaɗai na gaya wa.

Narka dalma da zuba ta na iya, na sha riƙe wa Delmar ludayi in yana zuba manya, amma nawa shi kaɗai yake zubawa. Mazubin ƙananan ne, ƙarfen nan mai rami da ake zuba dalmar a ciki, ban gani ba. Na birkice shagonsa kaf, duk na manyan harsasai ne. Ga shafin tallan kaya na yago maka, na zagaye ƙanana uku. Wanne zan saya? Kada ka yi mini nawar nan taka.

Ka huta lafiya,
Marva

Yuma, Arizona

Matar Yaya,

Na samu takardarki. Ya kewa, ya kaji? Gwiwa tana nan tana mulkinta. Da na ga zaman nan naki a ƙasa, da na yi dariyar shekara, amma sannu.

Kada ki sayi ko ɗaya tukuna. Bindigar nan ta girme ki, cikinta ya cinye ya yi faɗi. In harsashi ya yi mata kaɗan, dalma za ta shafe bututun, ki yi ta harbi gwangwani yana zaune lafiya lau, Wendell yana kallo. Ki kai ta wurin mai gyaran bindiga ya tura dunƙulen dalma mai laushi ta ciki, ya auna faɗinta. Daga nan sai a yi maganar zaɓi.

Amma ni abin da ya ɗaure mini kai, yaushe Delmar ya taɓa sayen mazubi? Mutumin da ke miƙe tsohuwar ƙusa ya sake bugawa? Shi ɓata na mutane ya iya. Mazubin Babanmu, wanda muka yi farautar barewa da harsasansa tun muna samari, a hannunsa yake. Shekarar da ambaliya ta tafi da gadar gidanku na je aro, na tarar ya yanke samansa, ya goge da magagari, ya mai da shi guntu. Na ce, "Me ya yi maka?" Ya ce, "Nawa ne, ba ruwanka." Ke shaida ce, mun daɗe ba ma ga maciji, ko da yake bai taɓa gaya miki dalili ba, in dai Delmar ne. Har yau in na tuna raina ɓaci yake.

A gai da Wendell, ko da yake bai cancanta ba.

Ƙanin mijinki,
Orval

Salmon, ƙarshen Oktoba

Orval,

Ina gaisuwa. Ka yi gaskiya, kuma ban ji daɗin hakan ba. An auna, bututun ya yi faɗi, duk ukun nan ba wanda zai yi. Mai yin mazubi na musamman ya ce sai bayan sabuwar shekara. Sabuwar shekara! Kafin nan bindigata tana ƙarƙashin gadon Wendell. Na kasa zama wuri ɗaya. Na share shagon, na sake sharewa, na wanke labulen da ba su yi datti ba. Jiya Lahadi na jera gwangwanaye na tsaya ina kallonsu, na kasa taɓa sauran harsasan.

Sai dai maganarka tana ta yi mini yawo a kai. Shekarar ambaliya ka ce? Ai ita ce shekarar da goɗiya ta kayar da ni, kafaɗar nan ta karye. Likita ya ce ni da bindiga sai kallo. Na yi kuka, na hana Delmar gaya wa kowa, don kada ku maza ku samu abin tsokana. Bayan wasu makonni ya shigo da gwangwanin kofi cike da ƙananan harsasai, ya ce, "Tashi, tsohuwa, na samo miki daidai ke." Ban tambaye shi inda ya samo ba.

Kuma akwai wani guntun ƙarfe da na tsinta a shagon da bazara, na ɗauka lalatacce ne, na tokare ƙofar akurkin kaji da shi. Dakata.

Na dawo. Ga ƙarfen nan a gabana. Na buɗe shi, na ɗauki harsashi ɗaya daga cikin nawa na sa a ramin. Ya zauna cif, Orval, ko gashi ba zai shiga tsakani ba. Kayan Babanku ya yanke saboda kafaɗata, ya bar ka kana zaginsa, don na ce kada ya faɗa.

Bayansa ya yi tsatsa da kashin kaji, amma ramin da sauƙi. Ya zan yi da shi?

Marva

Yuma

Matar Yaya,

Gaisuwa. Na karanta, na fita na zagaya unguwa da gwiwar nan, na dawo na sake karantawa. Wawan mutum, Delmar. Kalma ɗaya ta ishe ni.

Kada ki kusanci ramin da abin karta. Ki goge shi da mai da tsumma kawai, sannan ki wanke man tas, ki bar shi ya bushe ƙayau, don ko ɗigon ruwa dalma ba ta yafewa. Zubin farko zai fito a yamutse, kada ki karaya, sai ƙarfen ya ɗau zafi.

Ko ma dai ki jira ni. Na sa an duba tayoyin mota. Ina so in riƙe mazubin a hannuna, kuma ki raka ni kabarin Delmar, ina da magana da shi.

Sai na iso,
Orval

Salmon, Nuwamba

Wendell ɗana,

Ina gaishe ka da iyali. Kawunka Orval yana nan, ya cinye mini rabin kayan bikin tun kafin ranar. Ku taho da wuri, kuma ka tattaro mana duk gwangwanin da ke gidanku, namu sun zama rariya. Kai za ka jera su a kan shinge.

Jakar bindigar da ka ce ka saya, ka bar ta a Boise.

Mamanka