Kukan da surukata take ji a ɗakinta, ni na kunna shi

Assalamu alaikum Anti, ina gaishe ki da duk masu bin wannan shafi. Don Allah ki sakaya sunana, ku kuma masu karatu ku daure ku kai ƙarshe kafin ku zage ni, wanda nake yi wa kaina ma ya ishe ni.

Ni nas ce, muna zaune a Lanham ta ƙasar Amurka da maigidana, yanzu ina hutun haihuwar 'yata ta fari. Ina da wata jaraba tun ina makarantar jinya, wato finafinan fatalwa na Japan. Na san wani zai ce wannan kuma wace irin mace ce. Ni fa na Amurkawan nan masu zarto da gatari ba sa burge ni, jini na gan shi a wurin aiki har na ƙoshi. Na Japan kuwa shiru ne tsit. Famfo yana ɗiga, mace tana shanya, yaro ya cire takalmi a bakin ƙofa, a yi minti goma ba abin da ya faru, amma cikinka ya gama ɗurar ruwa. Kuma fatalwarsu ba haka kawai take fitowa ba, yawanci mace ce da aka zalunta aka rufe maganar, ita kuma ta ƙi kwanciya. Sak irin labaran da kakata take ba mu a Kano na aljanar bakin rijiya. In na gama kallo sai in ji kaina sakayau, kamar na yi kuka na huta.

Maigidana ya tsani abin nan. Da na samu ciki ya sa na yi masa alkawari har da rantsuwa cewa na bari sai na yaye. Mahaifiyata ba ta samu biza ba, don haka tasa mahaifiyar, Hajiya, ita ta zo yi min jego. Ta haura saba'in, amma ita ta yi min wankan ganye safe da yamma, ita ke dama kunun kanwa, ta sa 'yar wuƙa a ƙarƙashin katifar jaririya, kullum tana faɗa min mai jego jikinta a buɗe yake, kada in bari ko inuwa ta firgita ni. Baiwar Allah nan ko sau ɗaya ba ta taɓa ɗaga min murya ba.

Bayan arba'in zaman gida ya ishe ni, na karya alkawari. Da an yi azahar maigida yana ofis, Hajiya ta shiga ƙailula, yarinya ta yi barci, sai in sulale ɗakin ƙasa da muke ce wa besmen, in kunna talabijin a hankali. Ban sa abin kunne ba don kada yarinya ta farka ban ji ba. Ana kwana huɗu Hajiya ta ce min tana jin mace tana kuka a ɗakinta da rana tsaka, da wani gurnani kamar ana shaƙe mutum, wani sa'in kuma yaro yana kira da yaren da ba ta sani ba. Wallahi a lokacin ban kawo komai ba, na ce mata ƙila maƙwabta ne. Sai ranar da na bar fim yana yi na hau ɗauko zanen goyo a ɗakinta. Akwai 'yar ragar ƙarfe a ƙasan ɗakin, inda ɗumin hita ke fitowa, ashe bututunta daga besmen ya taso. Na tsaya na ji kukan matar nan raɗau, kamar a ƙarƙashin gadon take.

Me ya hana ni faɗa a take? Kunya ce da tsoro, ba wani abu ba. Yaya zan dubi matar da ta hana ni ko leƙa waje da magariba in ce mata fatalwa nake sauka in kalla don nishaɗi? Da yamma muna cin tuwo ta sake tada maganar a gaban ɗanta. Ya juyo ya ce min, "Ke da kike wuni a gida, kin taɓa ji?" Hajiya ta zuba min ido tana jiran in ba ta shaida. Na ce, "Ni dai ban taɓa jin komai ba."

Tun ranar ban sake kunnawa ba, na ɗauka shi ke nan maganar za ta mutu. Ina! Yayar Hajiya da ruɗewar tsufa ta rasu, har 'ya'yanta ta daina ganewa, shi ne maigidana ya tsorata. Ya shiga sa wa uwarsa ido. In ta manta inda ta ajiye tabarau sai ya kalle ni, in ta maimaita magana sai ya rubuta a waya. Rannan na same shi a gareji cikin mota yana share hawaye, na dafa shi na ce ya yi haƙuri, ni munafuka. Ita kuwa Hajiya da farko ta ɗauka mutanen ɓoye ne, ta yi hayaƙi, ta tofe kusurwoyin ɗaki. Da ta ga ita kaɗai ce ta ji, sai ta fara zargin kanta. Ta daina ƙailula, ta koma zama a bakin gado tana kasa kunne. Jininta ya hau, kuma ni nake auna mata da hannuna. Ranar Lahadi na haɗa ruwan wanka na miƙa mata jikarta kamar kullum, sai ta janye hannu ta ce, "Riƙe abarki, 'yar nan. Wadda kanta ya fara taɓuwa ba ta riƙe jariri a kan ruwan zafi." Na shiga banɗaki na yi kuka kamar raina zai fita.

Yanzu an ba mu ranar Alhamis mu kai ta wurin likitan ƙwaƙwalwa. Ta ce ba za ta yi magana da tafintan asibiti na waya ba, kuma ba za ta iya faɗin irin wannan a gaban ɗan farinta ba. Jiya ta kamo hannuna ta ce ni zan shiga da ita in fassara wa likita, don ni ce ta yarda da ni, kuma ta san ba zan yi mata dariya ba.

Rantsuwar ba ita ce damuwata ba, zan yi kaffara. Amma in na faɗa, mijina zai san sati uku ina kallonsa yana kukan uwarsa na yi gum, Hajiya kuma za ta san ni na bar ta tana zaton ta haukace. In na yi shiru, jibi da bakina zan gaya wa likita cewa tsohuwar nan tana jin muryoyi, ya rubuta a fayil ɗinta, alhali kunnenta ya fi nawa lafiya. Ban san wa zan fara tunkara ba, shi ko ita, ban san da wace kalma zan buɗe baki ba. Kwana biyu suka rage min. Don girman Allah ku faɗa min, me zan yi?