Ruwan Da Aka Ɗebo Ranar Juma'a

Na'ibawa, Kano
4 ga Maris

Zuwa ga Dakta Aina'u Garba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina godiya da ta'aziyyarku ta rasuwar 'yata Zulaihat. Yau kwana arba'in da haɗarin motar da ya zama ajalinta a hanyar Challawa.

Na san ku ne kuke duba bincikenta na digiri na biyu a fannin nazarin halayyar ɗan'adam. Ina roƙon a kammala shi a buga, domin shi kaɗai ta bari. Mahaifiyarta kullum tana tambaya.

Na gode.
Farfesa Dalhatu Lawal

*

11 ga Maris

Ranka ya daɗe,

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Zulaihat, ya ƙara muku haƙuri.

Aikin ya kusa kammala, sai dai akwai abin da ya sa na jinkirta. Tambayarta ita ce: me ya sa manoman da ke ban-ruwa a ƙasan majemun fata suke ganin ruwan ya sauya launi, ƙafafunsu suna tsagewa, amma ba sa kai ƙara? Mutum sittin ta tambaya, arba'in da ɗaya suka ba ta amsa guda. Wani Malam Lawan, mai noman latas, ya ce mata: "'Yata, farfesa guda ya zo da kwalabensa ya auna, ya ce lafiya lau. Ni da ko firamare ban yi ba, idona zai fi na'urarsa ne?" Har ya ciro mata kwafin rahoton daga cikin leda.

Ranka ya daɗe, sa hannunku ne a kai. Babi na huɗu gaba ɗaya a kansa yake. Ina iya cire shi, ba wanda zai sani.

Allah ya ƙara girma.
Aina'u

*

26 ga Maris

Dakta,

Assalamu alaikum. Ku gafarta jinkirina. Sau uku ina fara wannan wasiƙa.

Rahoton nawa ne, shekara goma sha biyu ke nan. An nemi in auna yawan sinadarin kuromiyam da wata majema take saki a ruwa, na tsawon makonni shida. Ban sauya lamba ko ɗaya ba. Amma ranar Juma'a kaɗai ba ni da lacca, saboda haka duk makonni shidan bayan an sauko daga masallaci na ɗebi ruwan. Bayan shekara biyu wani ma'aikacinsu ya gaya mini cewa tun yammacin Alhamis ake kashe injinan jima, ba a sake kunnawa sai Asabar. Ruwan hutu na auna.

Abu na farko da nake koya wa ɗalibai shi ne a ɗebi ruwa a ranaku mabambanta. Na ji kunyar a ce ni na manta da shi, sai na yi shiru shekara goma.

Ina da tambaya ɗaya. Ta taɓa yi muku maganata?

Dalhatu Lawal

*

29 ga Maris

Ranka ya daɗe,

Ba ta taɓa faɗa da baki ba. Amma a gefen shafin farko na babin ta rubuta da fensir: "Kada kowa ya gani sai na zauna da Baba. Ya fi kowa sanin yadda za a gyara."

Ina jiran umarninku.
Aina'u

*

2 ga Afrilu

Dakta,

Assalamu alaikum. A watanta na ƙarshe sau biyu ta tsaya a ƙofar ɗakin karatuna da takardu a hannu, ta ce, "Baba, kuna da lokaci?" Na ce ta bari sai na gama duba jarrabawa.

Ku bar babi na huɗu yadda ta rubuta shi, da cikakken sunana. Kada a goge fensirin.

Ina roƙon ku haɗa ni da Malam Lawan. Na wanke kwalabena. Ranar Talata zan fara.

Wassalam.
Mahaifin Zulaihat