Takalman Mutum Tara

Kumasi, ranar Talata

Zuwa ga ƙanwata Muzdalifa,

Assalamu alaikum. Ya jikin Inna? Ya su Abdulsamad da karatu? Ni lafiya lau, ƙafar ce dai ba ta son tsayuwar tuyar waina, amma da na zauna sai ta lafa. Kada ki faɗa wa Inna.

Saƙonki ya iso, cewa cocin Metodis na Sabon Gari zai cika shekara ashirin da biyar, kuma maƙwabciyarmu Maman Dele na so a sa sunana a takardar bikin, in shaida mutum goma sha ɗaya ne suka fara taruwa a shagon da Baba ya ara musu. Wai da gaske yanzu sun haura ɗari biyu, har daga Tsafe da Bunguɗu ake zuwa? Waƙoƙin nan masu sanyi, har yau su suke yi?

Sai dai shaida abu ce mai nauyi, ni kuwa ban shiga ɗakin ba. Sun ga muna cire takalmi a bakin ƙofa, su ma suka cire, ni na jera su a inuwa. Na mutum tara ne. Kwana biyu abin na raina, sannan na tuna cewa ranar Maman Dele da tagwayenta jarirai ta zo, ɗaya a baya, ɗaya a kafaɗa.

Ki tambaye ta a hankali ko da su ta ƙirga. In haka ne, a sa sunana. In ba haka ba, ta yi haƙuri, tara na gani.

Allah ya sada mu da alheri.

Yayarki,
Ruƙayyatu