Neman Umma a Bas Mai Lamba Tara

Zuwa ga 'yata Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kin saba da aikin asibitin da hayaniyar birni. Ni lafiya lau, in ban da gwiwa da ta ƙi jin magana.

Tun kina ƙarama kike tambayata kamannin marigayiya mahaifiyarki ina kame-kame, tunda ruwan da ya ci tsohon gidanmu bai bar mana hoto ko ɗaya ba. To ga abin da ban taɓa faɗa miki ba. Lokacin da nake aikin zubin tagulla a birnin nan da kike, maigidanmu mai ƙera mutum-mutumi ya taɓa roƙonta ta zauna masa. Tana nan a jikin ɗaya daga cikin waɗanda aka kafa a titunanku. Wanne ne, ina aka kafa shi, kaina ya ƙi kawowa. Ki duba kafin wata ukun da aka tura ki su ƙare.

Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki

*

Baba,

Ina gaisuwa, da fatan gwiwa ta sassauta. Haba Baba! Shekara ashirin da shida kana zaune a kan wannan magana?

Duk Asabar yanzu bas mai lamba tara nake shiga in zauna jikin taga, har kwandasta ya daina tambayata inda zan sauka. Ashe garin nan cike yake da mutanen da ba sa motsi. Akwai wata a shataletalen kasuwa ta ɗaga tulu sama, tattabaru sun mayar da kanta masauki. Akwai uku a gaban ɗakin karatu sun haɗa kai a kan littafi guda, har yau ba su juya shafi ba. A ƙarƙashin gada kuma an zana wata a bango, gyalenta ya bi ginin har ya koma kogi. Na san fenti ce, amma sai da na tsaya. Inda bas ya ƙare sai in ci gaba da ƙafa. A gaban kowace nakan fito da ɗan madubina, in dubi hancinta in dubi nawa. Wani mai shara har ya tambaye ni ko lafiya.

A hanyar dawowa barci kan ɗauke ni, in ga duk sun sauko sun shigo bas ɗin, kujeru na kuka saboda nauyinsu, kowace tana kallona kamar ta san ni.

Mata goma sha ɗaya na gani. Na so kowace ta zama Umma, ba wadda zuciyata ta amsa. Saura Asabar biyu, kuma wallahi tsoro nake ji kada in tafi alhali na wuce ta ban gane ta ba.

A gaida mutanen gida.

'Yarka, Auta

*

Zuwa ga 'yata Auta,

Bayan gaisuwa, na karanta wasiƙarki na yi dariya har tari ya sarƙe ni, daga baya na yi hawaye. Laifina ne. Wa ya ce miki fuska? Mahaifiyarki da kunyar nan tata ce za ta yarda a kafa fuskarta a titi?

Hannunta aka ɗauka. Ta kawo mini abinci wurin aiki, maigidan ya ga yadda take miƙo kwano, ya ce ga hannun da ya yi wata guda yana nema. Ni na shafa mata mai, na lulluɓe hannun da farar ƙasa don a ɗauki siffarsa, tana ta dariya wai sanyi. Tana da cikinki a lokacin.

Kuma ki bar bin mata. Maganar bas ɗinki ce ta buɗe mini kai: wani tsoho ne mai gemu, ya sunkuya ya miƙo hannu kamar zai taimaki matafiyi. Maigidan ya ce mu duka hannuwanmu na karɓa ne, nata ne kaɗai na bayarwa, shi ya sa ya ɗora wa tsohon. An ce tashar jirgin ƙasa za a kai shi. Ban sani ba ko yana nan.

Allah ya yi miki jagora.

Mahaifinki

*

Baba,

Ina gaisuwa. Yana nan, can baya a ƙasan matakala. Gemu har ƙirji, kafaɗa irin ta ɗan dako, sai ga ɗan siririn hannu. Duk jikinsa ya yi kore, hannun kaɗai ke ƙyalli, don duk mai saukowa sai ya kama shi. Zanen tafin ya goge, Baba, mutane sun riga ni.

Na jira suka wuce, na sa nawa a ciki. Rana ta daɗe a kansa, da ɗumi. Jirgi uku suka tashi ban sake ta ba.

Ka huta lafiya.

Auta